Baƙin fuska tun na ciki ya ƙi tafiya, shin sai na bi matakai goman nan?

Maman Hibba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen masu sani, amma bari in fara da wannan kafin a yi min caa: ba bilicin nake so ba. Kalar da Allah Ya ba ni ta ishe ni. So nake fuskata ta koma launi ɗaya kamar da.

Ni wankan tarwaɗa ce, dangin mahaifiyata kuwa farare ne sol. Tun ina yarinya ina da wasu ƙananan ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a karan hanci da saman kumatu, irin na Ummanmu da ƙannenta. A shafe suke, ba su da tudu, ba sa ƙaiƙayi. Da damina su ɗan dushe, da bazara su fito raɗau. Waɗannan ba su taɓa hana ni barci ba. Abin da ya dame ni ya faro ne da cikin Hibba. Ciki na shiga wata biyar wani baƙi ya shimfiɗu min a kumatu, dama da hagu daidai wa daida, da wani a tsakiyar goshi, da wani siriri a saman leɓe. Kowa ya ce na ciki ne, kina haihuwa zai wuce. An yi suna, an yi arba'in, yau ga yarinya tana tafiya da ƙafarta, shi kuwa yana nan daram. Na saman leɓen ne ya fi ci min rai. Rannan wata ɗalibata 'yar aji uku ta ɗaga hannu, na ɗauka tambayar darasi ce, sai cewa ta yi, "Malama, gashin baki ne yake fito miki?" Na yi dariya a gabansu, amma maganar ta tsaya min a rai. Ga kuma haɓa, duk ƙurjin da ya fito lokacin al'ada sai ya bar baƙin tabo, kafin wancan ya dushe wani ya zo.

Ga yadda nake wuni, ko zai taimaka. Ina koyarwa a firamare a nan Kano. Da safe tsayuwar asambuli a fili, in an tashi wajen ƙarfe biyu kuma tsayuwar jiran adaidaita sahu a bakin titi, rana tsaka. Girki da gas nake yi, in ya ƙare a koma gawayi. Har yanzu ina shayarwa, kuma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Fuska da sabulun salo nake wankewa, da ɗan soso mai laushi, in shafa man kaɗe.

Yanzu hanya biyu aka nuna min. Ƙanwar maigidana da ke jami'a ta turo min wani tsari mai matakai goma daga TikTok, wai na 'yan Koriya: man wanke fuska, sai sabulu mai kumfa, sai na goge matacciyar fata, sai tona, sai siram iri biyu, sai wata takarda mai laima da ake mannawa a fuska, sai man ƙasan ido, sai man laushi, sai man kariyar rana. Da na haɗa lissafin kuɗinsu, albashin wata bai tsira ba. Ɗayar hanyar kuma wata abokiyar aikina ce ta kawo. Tana sayen wani haɗi wajen wata mata a Instagram, robobi biyar farare babu rubutun komai sai lamba ɗaya zuwa biyar, wai "oganik" ne zalla. Gaskiya a sati biyu fuskarta ta yi haske har kowa na magana.

To don Allah, matakan nan dole ne sai duka? Wanne ake farawa da shi? Wanne mai shayarwa za ta iya shafawa? Kuma sai yaushe ake ganin canji?

Zee_Baby

Wslm Anti. Kar ki wahalar da kanki, ki samu kurkur cokali ɗaya, zuma, madarar gari, ki matse lemon tsami a ciki ki riƙa shafawa kullum da safe. Wallahi sati ɗaya za ki ba da labari.

Abu Khalil

Mata ku ji tsoron Allah, ku bar fatarku yadda aka halitta ta.

Anti Famasis

Wa alaikumus salam Maman Hibba, Allah Ya raya mana Hibba. Malam Abu Khalil, baiwar Allah ta faɗa tun a layin farko cewa ba canza launi take nema ba. Magani take tambaya, kamar mai neman na ƙyasfi.

Ni aikina harhaɗa magunguna a Kaduna, kuma ban ga fuskarki ba, don haka ganin likitan fata yana nan a matsayinsa. Amma bayaninki ya fito sarai, kuma abin da na gani a ciki shi ne abu uku ne a fuskarki, kowanne da halinsa.

Ɗigo-ɗigon hanci gado ne, rana ce ke tashe su, shi ya sa kike ganin sun dushe da damina. In kin kare su daga rana za su yi sanyi sosai, amma babu man da zai share su gaba ɗaya, kuma duk wanda ya yi miki wannan alkawarin kuɗinki yake so. Tabon haɓa shi ne mafi sauƙi: in bai yi zurfi ba, yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa 12, matuƙar an daina matse ƙurjin kuma an hana sabo fitowa. Na kumatu da goshi da saman leɓe kuwa, yadda kika ce dama da hagu iri ɗaya kuma ya zo da ciki, shi likitoci ke kira melasma. Abu uku ke rura shi: sinadaran jikin mace, hasken rana, da zafi. Ke kuwa duka ukun kin haɗa, ga ƙwayar tazara, ga tsayuwar titi, ga gawayi. Kada ki yar da ƙwayar da kanki. Ki koma inda aka ba ki, ki nuna musu fuskarki, ki tambaye su ko akwai hanyar da ba ta da sinadari da za ta dace da ke, irin robar mahaifa mai tagulla. Kuma in gaya miki gaskiya tun yanzu, melasma lallaɓa shi ake yi. Yana dushewa har a manta da shi, amma in an saki jiki yana dawowa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe ko kin manta sauran. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatarmu ta baƙar fata masu saurin fushi ne. Duk abin da ya ƙona fatar, ko ya kankare ta, ko ya sa ta raɗaɗi, amsar da suke bayarwa ɗaya ce: su ƙaro baƙi. Shi ya sa cizon sauro ma ke bar mana tabo. To ki duba tsarin matakai goman nan da wannan idon. Yawancinsu na sa danshi ne kawai, ba ruwansu da tabo. Waɗanda ke da aiki a ciki kuma in kika jibga su rana ɗaya, ga na gogewa ga siram biyu, fuskar ta yi ja ta fara saɓa, ba za ki san wanne ya jawo ba, kuma wurin da ya saɓe ɗin nan baƙi zai koma. Na sha ganin mace ta shigo shago da jaka cike da kwalabe masu tsada, kowanne mai kyau ne shi kaɗai, amma fuskar ta fi yadda ta fara duhu.

Lemon tsami ma a nan ya shigo. Zee, ki yi haƙuri ƙanwata, amma wannan shawarar da haɗari, musamman da kika ce da safe. Akwai wani sinadari a lemon tsami da in ya taɓa fata sannan rana ta doke shi, ƙuna yake yi, wani lokaci har da bororo, ya bar tabon da zai yi watanni.

Ga abin da zan ba ƙanwata in ita ce. Da safe: ki wanke fuska da hannu, ban da soso, da sabulun ruwa mai sanyi wanda ba shi da ƙamshi. Sabulun salo ki bar wa jiki. Fatar mutum tana da ɗan tsami, wajen 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, shi kuwa da toka ake yin sa, yana kaiwa 9 zuwa 10, wato ɓangaren kanwa, shi ya sa kike jin fuska ta ɗaure bayan wanka. In fuskar ta bushe ki shafa man laushi kaɗan, sannan man kariyar rana. Da dare: ki wanke, ki bari ta bushe, ki shafa azelayik asid, ki bi da man laushi. Shi ke nan.

Azelayik asid na zaɓar miki saboda dalilai. Yana rage aikin ƙwayoyin launin da suka zaƙe ba tare da ya farar da sauran fuskar ba, yana maganin ƙuraje, kuma yana cikin 'yan kaɗan da likitoci ke yarje wa mai ciki da mai shayarwa. A wani bincike na 1991 da aka yi a kan mata sama da 300 masu melasma, an gwada mai ƙarfin kashi 20 da haidurokinon (wani maganin dusar da baƙin fata) mai kashi 4 na tsawon mako 24, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Ana samun azelayik asid mai kashi 10, da 15, da 20. Ki fara da gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, dare ɗaya ki shafa dare ɗaya ki huta, na sati biyu, sannan kullum. Ɗan tsikari na 'yan mintuna a farko ba komai ba ne. Raɗaɗin da ya wuce haka, ko ja, ko saɓa, ki dakata. In an yi wata guda lafiya lau kina son ƙari, sai ki shigo da niyasinamaid, wani nau'in bitamin B da ake shafawa, mai kashi 4 ko 5 da safe. Abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Amma man kariyar rana shi ne uban tafiyar. Shafa maganin tabo babu shi, tamkar kwalfe ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo. A Kano daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafin hasken rana yana haura 11, wanda shi ne matakin ƙarshe na haɗari, ke kuma a lokacin da ya fi ƙarfi kike tsaye a titi. Ki nemi mai SPF 50, ko aƙalla 30, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin kwalbar. Yawan da ake shafawa: ki ja layi biyu a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya, wannan na fuska da wuya ne. Yawancin mutane ɗan ɗigo suke shafawa su ce bai yi aiki ba. In da hali ki sayi mai launi, wanda ke kama da hodar ruwa, domin yana ɗauke da ayon oksayid, sinadarin da ke ba shi launin. Dalili shi ne an gano ba hasken da ido ba ya gani kaɗai ke duhunta fata irin tamu ba, har hasken da muke gani ma yana yi, kuma farin man bai cika tare shi ba. Ki ƙara da laima a jaka. In za ki yi girkin gawayi, ki daina sunkuyar da fuska a kan kurfoti kina fifita.

Su tiretinoyin (man da ke saurin sabunta fata) da haidurokinon magunguna ne na gaske, suna aiki, amma ba na yanzu ba ne kuma ba na sayen kai ba ne. Tun 1975 likitoci ke da haɗin nan mai abu uku, haidurokinon da tiretinoyin da sitiroyid mara ƙarfi, kuma har gobe shi ne kan gaba wajen melasma, sai dai na ɗan lokaci ake bayarwa, kamar sati takwas, ana duba mutum. Tiretinoyin bai halatta ga mai ciki ko mai neman ciki ba. Haidurokinon kuma in aka daɗe a kansa yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fi na farko muni, wanda da ƙyar yake jin magani. Akwai kuma ƙwayar taraneksamik asid da na ga 'yan mata sun fara saya suna sha don haske. Ke da kike kan ƙwayar tazara kada ki kusance ta sai da likita, saboda haɗarin daskarewar jini.

Lokaci kuwa, fata tana ɗaukar wajen sati huɗu kafin ta sabunta samanta, don haka kada ki yanke hukunci kafin sati 8 zuwa 12. Ki ɗauki hoto yau a bakin taga, babu hoda, ki sake ɗauka a wuri ɗaya duk ƙarshen wata, don madubin kullum ba ya nuna canji. Da wannan lissafin kuma ki auna robobin abokiyar aikinki. Abin da ya haskaka fuska a sati biyu ba ganye ba ne. Ko sitiroyid mai ƙarfi ne irin su kulobetasol, ko haidurokinon da ya wuce ƙima, ko zaiba, ko duka. Zaiba tana lalata ƙoda kuma tana bi ta nono. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, ba don wasa ba.

Hajiya Mai Dilka

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min, ni nake faɗa. Ni gyaran amare nake yi a Maiduguri tun kafin a haifi wasunku, kuma na ji daɗin bayanin 'yata mai magani, Allah Ya ƙara sani. Sai dai kada a haɗa kurkur da lemon tsami a yi musu kuɗin goro. Kurkur da zuma ba su taɓa ƙona min amarya ba, suna sa fata laushi da sheƙi. Abin da ba zan yi miki ƙarya a kai ba shi ne dilka ba ta cire wannan baƙin na ciki. Dilka ta jiki ce, tana fitar da datti da matacciyar fata, amarya ta yi santsi ta yi ƙamshi. In uwar amarya ta ce in murje mata kumatu da ƙarfi baƙin ya fita, cewa nake a'a, domin na ga yadda yake ƙara turuwa bayan biki.

Maganar robobi marasa suna kuwa, ni nake ganin ƙarshensu, don a gabana ake tuɓewa. Da yarinya ta zauna na kalli hannunta na gane. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, bayan hannu fari. Jijiyoyi kore shar a cinya da ƙirji. Nankarwa ja mai faɗi a hammata ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Gefen ido kamar an shafa toka. In ta yi gumi kuma akwai wani ƙarni da turaren wuta ba ya rufewa. Irin waɗannan ba na ɗora musu halawa ko za a ninka min kuɗi. Akwai wadda aka kawo min daga wani wurin gyaran, an ja mata halawa a ƙafa ta taho da fatar, aka yi biki ana ɗaure mata ƙafa da bandeji a ƙarƙashin lafaya. Garin neman gira a rasa ido.

Ke Maman Hibba, ɗigon hancin nan naki ki bar shi, a wurinmu ado ne. Da hunturu kuma kada ki yar da man kaɗenki, in iska ta fara tsaga leɓe babu kamarsa.

Ummu Rayyan, Kumasi

Gaisuwa daga Zango. Irin naki gare ni sak, nawa da ciki na biyu ya zo. A nan Gana tun 2016 aka hana shigo da mayukan kwalliya masu haidurokinon, maƙwabtanmu Kodebuwa ma sun riga mu da shekara guda, amma in kin shiga kasuwa kin san wadda za ki tambaya, za a zaro miki daga ƙarƙashin tebur. Don haka hani kaɗai ba zai tsare ki ba.

Ni likitar fata ce ta ɗora ni a kan kusan abin da Anti ta faɗa. Wata na farko ban ga komai ba, har maigida ya fara tsokanata wai kuɗin cefane nake shafawa. A wata na uku ne gefunan baƙin suka fara narkewa, ya daina yin iyaka kamar an zana. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne samun man rana da ba zai mai da ni fatalwa ba. Na farkon da na saya in na shafa sai fuskar ta yi fari-fari da shuɗi, in na yi gumi ya gangaro ya shiga ido. Mai launin ne ya raba ni da wannan, yanzu ma shi ne hodata. Ki gwada a gefen muƙamuƙi a fita waje a duba kafin ki biya, hasken cikin shago maƙaryaci ne.

Kuma da gaske yana dawowa. Da muka je Umara na yi sakaci da shafawa, kafin mu dawo ya fito, sai da na sake bin sa a hankali.

Anti Famasis, ni ma ga tawa tambayar. Mahaifiyata tana da wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa masu tudu a kumatu da gefen ido da wuya, suna ƙaruwa da shekaru, ni ma na fara ganin biyu-uku. Su ma man zai yi musu?

Maman Hibba

Kai, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya na gode, Allah Ya ƙara girma, ɗigon hanci an bar shi. Anti, saura abu uku. Na ɗaya alwala: in na shafa man ranar da safe, azahar na yi zan wanke, to ya ke nan? Na biyu, in na riƙa sa niƙabi a hanya ya wadatar? Na uku, kuɗin ba za su kai duka a wata ɗaya ba, wanne zan fara saya? Ƙanwar maigidan ta dage wai bitamin C ne sarki.

Sannan na nuna wa abokiyar aikin tawa abin da kuka rubuta, jikinta ya yi sanyi. Ta ce dama in ta kwana biyu ba ta shafa ba fuskar ƙaiƙayi take da zafi, ƙananan ƙuraje su feso, shi ya sa take komawa. Ta kusa shekara a kai. Ta zubar kawai?

Anti Famasis

Alwala ba matsala ba ce in kin tsara. Ta asuba tana riga shafawa. Ki shafa kamar minti 15 kafin ki fita. In kin yi ta azahar a makaranta, ki tsane fuska ki sake shafawa kafin ki fito titi, dama ko babu alwala ana son a sabunta shi duk bayan awa biyu in ana cikin rana, kuma wannan fitar ta ƙarfe biyu ita ce mai ɓarnar. Ki zuba kaɗan a ƙaramar roba ki bar ta a jaka, kada ki bar ta inda rana ke duka. Bayan la'asar in kina gida ba sai kin sake ba. Ko wani nau'in yana hana ruwa taɓa fata, wannan ki kai wa malaminku da kwalbar a hannu, amma in ranki bai kwanta ba ki guji masu rubutun ba sa jin ruwa, ki kuma wanke fuskar sosai kafin ki fara alwalar.

Niƙabi mai kauri yana taimakawa, siriri shara-shara kuwa haske na ratsa shi. Kuma goshi da gefen ido a waje suke, ga zafin da yake tarawa a kumatu. Ki ɗauke shi a matsayin ƙari, man yana ƙarƙashi.

Kuɗi: wannan watan man rana. Wata mai zuwa azelayik asid. Sabulun fuska na uku, kafin nan ki rage salon zuwa sau ɗaya a rana, ki yar da soson, da safe ruwa kawai. Man kaɗe ɗan kaɗan da dare ya isa, kamar yadda Hajiya ta ce, sai in kin ga ƙurajen haɓa na ƙaruwa. Bitamin C yana da amfani, amma ba ya jure zafi da haske da iska. A ɗakin Kano da bazara, ga rashin wuta, kafin ki kai rabin kwalba ya rine ya koma ruwan shayi, kuma in ya kai nan ya tashi aiki. Ki gaya wa ƙanwar taki ta duba launin nata. Duk abin da za ki saya ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba jerin abin da ke ciki, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Na jabu sun yi yawa, musamman man rana.

Ummu Rayyan, waɗancan masu tudun daban ne, ba launi ba ne kawai, tsiro ne na saman fata da ya yawaita a baƙar fata kuma yana bin jini. Ba su da illa, kuma babu man da ke cire su. Likitan fata ne ke ƙone su da ɗan ƙaramin inji ko ya tsinke su, shi ma a hankali don kada wurin ya bar tabo. Kada Mama ta yarda a ɗaure mata su da zare ko a ɗiga musu wani ruwa. Amma duk baƙin da ya canza siffa, ko yake jini, ko ya fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wannan a kai asibiti da wuri.

Abokiyar aikinki kuwa, abin da ta kwatanta alamar sitiroyid ce ƙarara, fatar ta saba da shi. In ta yanke rana ɗaya bayan kusan shekara, fuskar za ta yi ja, ta yi zafi, ta feso, ta yi duhu fiye da da, kuma a nan ne yawanci suke karaya su koma. Likita ne zai janye mata shi a hankali, ya ba ta abin da zai kwantar da fatar, kuma ta sa a ranta cewa watannin farko ba daɗi. Tunda a Kano kuke, akwai sashen fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In har jiki take shafawa ba fuska kaɗai ba, a auna mata suga da hawan jini, a duba fitsari saboda ƙoda, domin abin yana ratsa fata ya shiga jini. In tana da ciki ko tana shayarwa ta faɗa tun a bakin ƙofa. Kuma kada ta zubar da robobin tukuna, ta tafi da su duka biyar ɗin likita ya gani.